SAMARIN ZUNGUR DA WASAN ZAƁEN 'YAN ƘWALLO: A DUBA LAFIYA KAFIN SUNA

'Yan Arewa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal waɗanda suka daɗe ba su leƙa gida ba za su tarar da sabuwar hira a bakin samarin Zungur ta ƙasar Bauci. Ban da gardamar Wikki Tourists da ƙungiyoyin Ingila, yanzu har da wasan nan na wayar hannu da ake kira Fantasy Premier League, inda mutum ke zama manajan ƙungiya a kan takarda.

Ga yadda abin yake. Ana ba kowa fam miliyan 100 na ƙarya, ya sayi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba a ɗaukar fiye da 3 daga ƙungiya guda. Duk abin da suka yi a fili na gaske, shi ke zama makinsa. Kowane mako yana da damar canja ɗan wasa ɗaya kyauta. In ya wuce damar da ya tara, sai a zaftare masa maki 4 kan kowane canji. To, a nan ne ciwo ke yin ɓarna, domin ɗan wasan da ke kwance ba ya kawo ko maki ɗaya.

Asalin wannan wasa daga Amurka ne. Cikin 1980 wani marubuci, Daniel Okrent, da abokansa suka tsara dokokinsa a birnin New York, amma a kan wasan besbol, wanda mutum ɗaya ke jifa da ƙwallo, wani ya maka mata sanda. Babban abin tsoro a can shi ne hannun majefi. Yakan yi jifa wajen 100 a wasa guda, ƙwallon na gudun kilomita 150 a awa, har jijiyar gwiwar hannu ta tsinke. Cikin 1974 Dokta Frank Jobe ya yi wa wani majefi, Tommy John, aikin dasa jijiya, ya cire daga hannun dama ya sa a na hagu. Bai koma fili ba sai 1976. Har yau wanda aka yi wa wannan aiki yakan share shekara ko fiye yana jinya. Saboda haka gwanayen wasan a can sukan fara da tambayar wasa nawa majefi zai iya bugawa, kafin su tambayi gwanintarsa.

Wannan lissafi bai zama baƙo ga Bahaushe ba. Duk mai bin gidan dambe ya san ba a tsayawa bayan ɗan damben da hannun bugunsa ya taɓa gocewa sai an ga yadda ya warke, komai kirarin da makaɗa ke yi masa.

A ƙwallon ƙafa ma haka ne. Daniel Sturridge ya ci wa Liverpool ƙwallo 21 a gasar 2013/14. Kakar da ta biyo, ciwo ya hana shi buga fiye da wasa 12, ƙwallo 4 kawai ya ci. Taiwo Awoniyi, ɗan Nijeriya, ya ci wa Nottingham Forest 10 a 2022/23, amma ciwon matsematsi ya kai shi ga tiyata a ƙarshen 2023, har ya rasa gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024.

Abubuwa huɗu ya kamata mai zaɓe ya auna. Na farko, tarihin ciwo: tsagewar naman cinya takan dawo, musamman in an gaggauta komawa fili. Na biyu, yawan aiki: ƙungiyar da ke buga gasar Turai tsakiyar mako takan hutar da manyanta ran Asabar. Na uku, alamar da masu wasan ke sa wa a jikin suna, watau kashi 75, 50 ko 25 cikin 100 na yiwuwar bugawa, tare da bayanin koci kafin a rufe zaɓe, awa ɗaya da rabi gabanin wasan farko. Na huɗu, benci: wanda ya zuba kuɗinsa duka kan taurari ya cika benci da waɗanda ba sa bugawa, ran da tauraro ya faɗi ba shi da madogara. Haka kuma kyaftin, da yake makinsa ninki biyu ne, bai kamata a ba mai ɗingishi ba.

Ba laifi a ɗauki gwani ɗaya mai raunin jiki in farashinsa ya sauka. Amma tara irinsu uku ko huɗu kwaɗayi ne, shi kuwa mabuɗin wahala ne.

Shiga wasan kyauta ne. Sai dai wasu kan haɗa kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, abin da malamai ke kira caca. Ya kamata masu aiko wa ƙanne kuɗin makaranta daga Kurmi su riƙa tambayar inda kuɗin ke shiga.