Na'ura da Mai Amfani da Ita

Masu ƙera na'urorin zamani, irin su kwamfuta da wayar hannu, suna da wata ƙa'ida: a ƙera na'ura daidai da mutumin da zai yi amfani da ita. Kafin a fara aiki, sai an yi la'akari da harshensa, da iliminsa, da ƙarfin idonsa, da kuma yanayin garinsu.

An ga muhimmancin wannan ƙa'ida a Kafanchan, kusa da Zonkwa. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a shekarar 1996, tana koya wa mutanen karkara aikin kwamfuta. Yawancin kwamfutoci kuwa an ƙera su ne don ofisoshi masu sanyi, inda wutar lantarki ba ta ɗaukewa. A nan ƙasar, zafi yana wahalar da su, fankar da ke cikinsu tana jawo ƙurar hunturu, ga kuma yawan ɗaukewar wuta. Saboda haka gidauniyar ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila a kan wata kwamfuta mai suna Solo. Ba ta da fanka, wutar da take ci ba ta kai wat 10 ba, kuma tana iya aiki da hasken rana.

Bayan yanayin gari, akwai halin mutum kansa. Manomin citta da ya kawo kayansa kasuwar Zonkwa yana iya tura kuɗi da ƙaramar waya ba tare da intanet ba, ta hanyar danna lambobi masu farawa da alamar tauraro. Kafin kuɗin su fita, wayar takan nuna masa sunan wanda zai karɓa. An yi haka ne domin ɗan Adam yakan yi kuskure wajen danna lamba. Sai dai umarnin yakan zo da Turanci, kuma idan mutum ya yi jinkiri, layin ya yanke. Dattijuwar da ke jin Jju ko Tyap ko Hausa kaɗai takan miƙa wa wani wayarta, har da lambarta ta sirri, kuma hakan yana iya jawo mata asara.

Shi ya sa ƙwararru sukan ba talakawa sabuwar na'ura su gwada kafin a kai ta kasuwa. Duk inda mutane da yawa suka rikice, nan ne ake gyarawa.

Tambayoyi
1. Waɗanne matsaloli uku ne kwamfuta take fuskanta a Kafanchan?
2. Me ya sa waya take nuna sunan mai karɓar kuɗi?
3. Wace na'ura ce take ba mutanen garinku wahala? Yaya za a gyara ta?