Manhaja a Sheda, ɗalibi a Paki

Manhajar da ake karantar da yaro da ita a sakandare a Paki, cikin ƙaramar hukumar Ikara, ba a Ikara aka rubuta ta ba, ba kuma a Kaduna ba. Hukumar NERDC ce ke tsara ta, wadda aka kafa a 1988, hedikwatarta tana Sheda a Abuja. Aikinta shi ne ta yi bincike kafin ta ce ga abin da yaro zai koya a aji kaza.

Bincike a nan ba zaman ofis ake nufi ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka kuma gwada su da waɗanda aka koyar da Turanci. 'Yan Yarabancin ba su gaza ba, har a Turancin kansa. Kusan lokaci guda, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, nan kusa da mu a Zariya, ta gudanar da shirin inganta firamare a jihohin Arewa: a rubuta darasi, a kai shi aji, masu horar da malamai su bi makarantu su ga inda ya cije, sannan a gyara. Wannan zagayawa ita ce ta yi ƙaranci yau.

Manhajar kimiyya ta ɗauka akwai ɗakin gwaji. A makarantun karkara da yawa kuwa, malami ne zai zana kwalbar awo a kan allo, ya ce ruwan zai sauya launi, yara su rubuta "ya sauya launi" alhali ba su taɓa gani ba. Haka ma kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan na'ura gaba ɗaya, daga baya kuma aka mayar da ita tambaya 180 cikin awa biyu. Yaron da ya tashi daga gonar tumatir a Ikara ko ta rake a Makarfi, ya shiga mota tun asuba zuwa cibiyar jarrabawa, sau da yawa ranar ce zai fara zama gaban allon kwamfuta da gaske. Ya san amsa, amma agogo na tafiya yana laluben maɓalli.

Sai dai inda aka fi yin asara ba a zauren jarrabawa ba ne, tun aji huɗu ne na sakandare, ranar raba ɗalibai zuwa kimiyya da sauran fannoni. JAMB na neman Turanci da darussa uku da suka dace da kwas ɗin da ake so, jami'a kuma na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO. Yarinyar da ke burin likitanci, aka tura ta wani aji don babu malamin Fiziks, an rufe mata ƙofa shekara uku kafin ta ƙwanƙwasa. Iyaye kan gane haka ne bayan sun biya kuɗin fom, daga nan sai neman shirin IJMB ko makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ga wanda ke da hali.

Don haka idan ɗanka ya gama aji uku, je makarantar da ƙafarka. Tambayi shugaban makaranta wane aji za a sa shi, waɗanne darussa ne ke da malami, kuma sau nawa ake shiga ɗakin gwaji a zangon karatu.