Ranar Da Motocin Tsere Suka Rage Murya

RANAR Lahadi 16 ga watan Maris na shekarar 2014, dubban mutane suka hallara a filin Albert Park da ke birnin Melbon na ƙasar Ostareliya domin kallon tseren farko na gasar Formula 1 ta wannan shekara. Ita wannan gasa ita ce uwar tseren motoci a duniya, kuma duk wanda ya saba zuwa kallonta ya san ba a zuwa sai da abin toshe kunne, saboda ƙarar motocin takan sa mutum ya ji ƙirjinsa yana rawa. To amma da aka saki motocin a ran nan, sai jama'a suka ga har suna iya hira da na kusa da su ba tare da ɗaga murya ba. Daga nan aka soma wata gardama wadda ta yi fiye da shekara goma ba ta mutu ba.

Mai karatu zai ce mene ne abin gardama don mota ta rage ƙara? Sai mu bi maganar daga tushe.

Abin da aka canza

Daga 2006 zuwa 2013 motocin Formula 1 suna amfani da inji mai silinda 8 ne, girmansa lita 2.4, wanda a shekarunsa na ƙarshe yake juyawa har sau 18,000 a minti ɗaya. Motar gida da wuya ta wuce juyi 6,000. Wannan juyi mai tsanani shi ne yake haifar da ƙara mai kama da kururuwa, wadda 'yan kallo suka ɗauka ita ce muryar gasar.

Hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, wato FIA, ta ga cewa zamani yana sauyawa. Kamfanonin ƙera motoci sun koma ga ƙananan injina marasa shan mai, gwamnatoci kuma suna matsa musu a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya. A ƙarshen 2010 hukumar ta ce za a koma inji mai silinda 4. Kamfanin Ferrari na Italiya ya ƙi, domin shi ba ya sayar da mota mai irin wannan inji. A tsakiyar 2011 aka daidaita a kan silinda 6, lita 1.6, tare da turbo, aka kuma ɗaga farawa zuwa 2014.

Shi turbo ba baƙo ba ne ga direbobinmu na tirela da manyan motoci, sun san fito ɗin nan da yake yi idan an taka totur. Aikinsa shi ne, hayaƙin da ke fita daga inji ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin injin. Iska mai yawa tana sa ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ban da wannan, aka haɗa wa motar na'urori biyu na lantarki. Ɗaya tana tara ƙarfin da ke ɓacewa lokacin taka birki ta zuba a batir, sa'an nan ta mayar wa ƙafafun motar ƙarfin doki wajen 160. Ɗayar kuma tana manne da turbo tana cin moriyar zafin hayaƙi.

Sai dokar mai. Aka ce kowace mota kilo 100 na fetur kaɗai za ta ƙona a tsere guda, alhali a dā sukan sha wajen kilo 150. Tsawon tsere kuwa kimanin kilomita 305 ne, ya ɗara tafiyar Kaduna zuwa Kano. An kuma ƙayyade yawan man da zai riƙa shiga injin a kowane lokaci. Saboda haka ko da yake doka ta yarda da juyi 15,000, direbobi ba sa kaiwa can, don babu ribar kaiwa.

Nan ne ƙarar ta tafi. Injin ya rage juyi, silinda sun ragu, hayaƙin da a dā yake fita da ƙarfi ta bututu biyu yanzu sai ya bi ta cikin turbo ya bar ƙarfinsa a can kafin ya fita ta bututu ɗaya. Ashe ƙarar da mutane suke ƙauna ƙarfi ne da ake zubarwa a iska.

Kukan 'yan kallo da na manya

Ba a bar Melbon ba sai da ƙorafi ya tashi. Shugaban masu shirya tseren Ostareliya, Ron Walker, ya ce ba abin da suka biya kuɗi domin shi ke nan ba, har ya yi zancen ko an karya yarjejeniya. Bernie Ecclestone, wanda a lokacin shi ne yake riƙe da kasuwancin gasar duka, ya ce rashin ƙarar ya tayar masa da hankali. Sebastian Vettel na Jamus, wanda ya ci gasar sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, ya kira sabuwar muryar da wata kalma da ba za mu iya bugawa a wannan shafi ba. Shugaban Ferrari, Luca di Montezemolo, ya ce an mai da direbobin tsere kamar direbobin tasi masu lallaɓa mai.

Wani abu kuma ya ƙara wa mutanen Ostareliya haushi. Ɗan ƙasarsu Daniel Ricciardo ya zo na biyu a bayan Nico Rosberg, jama'a suka yi ta murna, bayan 'yan sa'o'i sai alƙalai suka soke sakamakonsa don motarsa ta zarce ma'aunin shan mai. Ɗan kallo ya biya kuɗi, ya ga tsere da idonsa, ya koma gida ya ji an ce wata 'yar na'ura da bai taɓa gani ba ta canza sakamako.

Bai kamata a raina kukan waɗannan mutane ba. Wanda ya yi tanadin wata da watanni don ya je filin tsere, abin da yake nema shi ne abin da talabijin ba ya iya ba shi. A talabijin ma an fi ganin tseren sosai. Abin da ke fili kaɗai shi ne ƙarar da ake ji a jiki. Da yawa cikinsu iyayensu ne suka fara kai su suna yara, wannan ƙara ce suka fara ji, ita ce kuma suke so 'ya'yansu su ji.

Amma akwai waɗanda suka ga alheri. Iyaye suka sami sauƙin zuwa da ƙananan yara. Masu lura suka ce yanzu suna jin kukan taya idan direba ya yi kuskure, da fiton turbo, da ihun 'yan kallo, abubuwan da dā ƙarar inji take binnewa. Sabon injin kuma yana da ƙarfin fizga tun daga ƙasa, motar tana wutsil-wutsil a kwana, sai gwanin direba yake iya riƙe ta.

Mako uku bayan Melbon, ranar 6 ga Afrilu, aka yi tseren Bahrain da dare. Lewis Hamilton da Nico Rosberg, dukansu a motar Mercedes, suka yi ta kokawa taya da taya har ƙarshe, Hamilton ya ci da tazarar daƙiƙa ɗaya. Montezemolo, wanda ya je can don ya kai ƙara a kan sabuwar doka, ya bar filin tun ba a gama ba, motocinsa suna baya. Mutane da yawa suka ce in dai tsere zai yi daɗi haka, to maganar ƙara da sauƙi.

Duk da haka an nemi magani. A watan Mayu 2014 Mercedes ta gwada wani bututun hayaƙi mai baki kamar kakaki a filin Basalona na Sifen, bai ƙara komai ba, aka ajiye shi. A 2016 aka ƙara wa motocin ƙaramin bututu dabam, muryar ta ɗan tashi, amma ba ta koma irin ta dā ba.

Riba da hasara

Ta fuskar aikin injiniya, abin da aka samu ba ƙarami ba ne. Tsohon inji mai silinda 8 kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin fetur yake mayarwa tafiya, saura zafi ne da ƙara. A 2017 Mercedes ta ba da labarin cewa injinta ya haura kashi 50 a ɗakin gwaji. Motocin suka zo suna karya tarihin gudu a filaye da yawa da man da bai kai na dā ba. Duk wanda ya sayi fetur a Nijeriya tun da aka cire tallafi a 2023 ya san darajar injin da ke cin moriyar kowane ɗigo. Kamfanin Honda na Japan, da ya fice a ƙarshen 2008, ya dawo a 2015 saboda wannan fasaha. Ya sha wuya da ba'a a farko, amma injinsa ne Max Verstappen ya ci gasar 2021 da shi.

Hasarar kuwa ta fi ta ƙara. Sababbin injinan suna da tsada ƙwarai, kuma kafin 2014 ta ƙare ƙananan ƙungiyoyi biyu, Caterham da Marussia, bashi ya durƙusar da su, tsadar inji tana cikin kayan da suka yi musu nauyi. Sa'an nan Mercedes ta riga kowa gane sirrin injin. Ta ci tsere 16 cikin 19 a 2014, ta kuma riƙe kambin kamfanoni shekara takwas a jere har 2021. Da yawa daga cikin masu kukan ƙara, abin da ya fi gundurarsu shi ne sanin wanda zai ci tun kafin a tashi.

Akwai kuma tambayar ko canjin ya taimaki duniya da gaske. Da masu gasar suka yi lissafin hayaƙinsu na 2018, sun sami wajen tan 256,000, amma na motocin tseren kansu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kusan rabi daga jigilar kaya yake, a jiragen sama da na ruwa da manyan motoci. Masu suka suka ce an yanka muryar mota an bar jirgi. Masu goyon baya suka ce amfanin yana ga ilimin da injiniyoyi za su kai ga motocin da miliyoyin mutane suke hawa.

Gardama ba ta ƙare ba

Abin mamaki, wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1977 Renault ta Faransa ta kawo ƙaramin inji mai turbo, lita 1.5, Turawan Ingila suka yi masa laƙabi da butar shayi saboda yawan tsayawa yana hayaƙi. A 1979 ya ci tserensa na farko, kafin a jima kowa ya bi sahu, har aka hana turbo a 1989. Yau tsofaffin 'yan kallo suna ambaton wancan zamani da ƙauna. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

A 2022 Vettel ya fito da wata tsohuwar motar Williams ta 1992 mai silinda 10 a filin Silverstone na Ingila, ya tuƙa ta da man da aka haɗa ba daga rijiyar fetur ba, jama'a suka yi ta tafi. Wannan ya ƙarfafa masu cewa a dawo da manyan injina tun da ga mai mai tsabta. A 2025 shugaban FIA, Mohammed Ben Sulayem, da kansa ya ta da maganar, amma da aka zauna da kamfanoni a Bahrain a watan Afrilu sai aka tsaya a kan dokokin 2026. Waɗannan dokoki sun bar injin lita 1.6 da turbo, sun cire na'urar zafin hayaƙi saboda tsada da wuyarta, sun ninka ƙarfin lantarki har ya kusa rabin ƙarfin motar, sun kuma wajabta mai mai ɗorewa. Su ne suka jawo Audi ta shigo, Ford ta dawo.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Kamfanin da zai zuba miliyoyin daloli yana so ya koyi abin da zai sayar gobe, ɗan kallo kuma da kuɗinsa ake biyan kowa, bai kamata a yanke shawara kamar ba ya nan ba. A halin da ake ciki, yaron da aka fara kai shi kallo a 2014 yanzu ya zama saurayi, bai san wata murya ba sai wannan. Ran da aka sake canza ta, shi ma za mu ji nasa kukan.