Gargaɗi: Kada a Raina Karayar Idon Sawu a Jikin Tsoho

Jama'a, a saurara. Duk wanda yake da uwa, uba ko kaka da suka haura shekara 50, suka zame a banɗaki ko suka yi tuntuɓe a tsakar gida har idon sawu ya karye, to kada a tsaya ga ɗori kawai. A nemi likita ya auna ƙwarin ƙashinsu. Ƙashi lafiyayye ba kasafai yake karyewa don mutum ya faɗi daga tsaye ba. Idan ya karye, sau da yawa zaizayewar ƙashi ce ta daɗe tana cin jiki ba ciwo ba zogi.

Abin ya fi kama mata bayan jinin al'ada ya ɗauke. Ƙiyasin duniya ya nuna mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka wuce 50 za su yi karaya saboda zaizayewar ƙashi. Masu ciwon sukari, masu shan taba, da waɗanda suka jima suna shan dexamethasone ko prednisolone (har da masu sha don ƙiba, ba likitan da ya rubuta musu) suna sahun gaba.

Kada a ruɗu da hoton ƙashi na yau da kullum. Yana nuna inda aka karye, amma ba ya nuna zaizayewa sai ƙashin ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙwarinsa. Awon da aka dogara da shi sunansa DXA. Ana ɗaukar ƙugu da ƙashin baya, ba allura, ba yanka, cikin 'yan mintuna an gama. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994, sakamakon -2.5 ko ƙasa da haka zaizayewa ce, tsakanin -1 da -2.5 kuma ƙashi ya fara rauni. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai a tambayi likitan ƙashi inda za a je. In an riga an yi wa ƙafar hoton siti-sikan, likita na iya ƙiyasta ƙwarin ƙashin daga nan.

Me ya sa ake gaggawa? Likitan da zai sa ƙarfe yana bukatar sani tun kafin tiyata, domin ƙashin da ya zaizaye kamar icen da gara ta ci yake, ƙusa ba ta kama shi da kyau. Sannan haɗarin sake karyewa ya fi yawa a shekara 2 na farko. In ta gaba ta faɗa a ƙugu, magana ta girma: cikin tsofaffi 5 da suka karye a ƙugu, aƙalla 1 ba ya kai shekara.

Mun san mutanenmu da maɗori suke farawa. Amma ɗauri mai tsanani a ƙafar mai ciwon sukari na iya tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe. Idan yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi, ko aka daina jinsu, a kwance ɗaurin a garzaya asibiti a ranar. Na Kano da kewaye, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan.

Akwai maganin zaizayewar ƙashi, irin su alendronate da ake sha sau ɗaya a mako, amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. A gida kuwa, a ba su nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, su riƙa shan hantsi, a sa fitila a hanyar banɗaki, a goge santsi.