Barcin Man Ja da Fatar Ƙwayoyin Jikinmu

Duk mai cin kasuwannin ƙasar Gaya da Ajingi, ko mutumin Balan ne ko na cikin gari, ya san halin man ja in hunturu ya kama. Sai a ga mai a kwalba guda ya rabu biyu, na ƙasa ya yi barci, na sama yana ruwa-ruwa, in ya sha rana kuma ya koma ya gauraye. Dalili kuwa, man ja gamin maiƙo ne iri-iri, kowanne da zafin da ya ke narkewa.

To, muna so malamai su sani, irin wannan al'amari yana nan a jikinmu. Jikin mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana, kowace kuwa fatarta ta maiƙo ce. A 1925 waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka auna maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka ce fatar ninki biyu ce. Kaurinta kamar a raba milimita ɗaya kashi 200,000 ne a ɗauki kashi guda.

Ita ma gami ce, har da maiƙon nan da likitoci ke kira kolestarol. A 2008 Sarah Veatch da abokan aikinta a Amurka suka ɗebi 'yan ƙuraje na fatar ƙwayoyi masu rai, suka sanyaya su, sai fatar ta rabu gida biyu. Amma kada a ɗauki misalin kwalba da nisa, gama a nan babu wanda ya daskare. Duka biyun ruwa-ruwa ne, sai dai ɗaya ya fi tsari da yawan kolestarol.

Abin mamakin yana gab da wurin rabuwar. A nan fatar ba ta rabu sosai ba, ba ta kuma gauraye sarai ba, sai dabbare-dabbare ke fitowa suna ɓacewa, suna ƙara girma in sanyi ya ƙaru. Zafin jikinmu, watau digiri 37, yana sama da wannan iyaka, ba da nisa ba. Saboda haka waɗansu masana ke ganin ƙwaya na amfani da 'yan dabbaren nan don tara ma'aikatanta wuri guda in saƙo ya zo mata. Wannan magana ta ƙarshe har yanzu ana gardama a kanta, mu dai muna ganin tana da ƙamshin gaskiya.