Zarton Inji Ba Ya Jiran Gwani

Babban haɗarin zarton inji mai amfani da fetur yana wuri ɗan ƙarami ne, wato saman hancin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan hancin nan ya taɓa reshe ko ƙusa a jikin itace, haƙoran sukan cije, zarton ya yi tsalle ya doshi fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna suke sa birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙar nan take. Ci gaba da aiki da zarton da birkinsa ya lalace ganganci ne tsantsa.

Wasu za su ce wanda ya daɗe a sana'ar ba ya buƙatar wannan. Amma hannun ɗan Adam bai kai saurin tsallen ba, komai shekarunsa a daji. Gwanin gaskiya yakan riƙe da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ya kauce wa layin yanka, kuma ba ya ɗaga zarto sama da kafaɗa. Masu kukan zafin wandon kariya suna da gaskiya, akwai gumi, sai dai zaren cikinsa ne ke cushe injin ya tsayar da sarƙa kafin ta kai tsoka.