Kunkurun Gida: A San Irinsa Kafin a Ba Shi Abinci da Wurin Zama



A gidajen zango da dama, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, za ka iske kunkuru a bayan tankin ruwa ko a ƙarƙashin benci. Wani gādonsa ya yi a wurin kakansa, wani a bakin hanya ya sayo wa yara, wasu kuma sun ajiye shi ne saboda ana cewa yana tsare gida. Wannan maganar ta ƙarshe mun bar wa malamai. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake riƙon dabbar. Kunkuru ba ya kuka, ba ya haushi, ramarsa ma ba ta fitowa fili kamar ta akuya, don ƙoƙon bayansa ya rufe komai. Sai ya yi shekara guda ciwo na cinsa, mutanen gida suna yaba masa haƙuri.

Yawancin ɓarnar daga abu ɗaya take tasowa: mun ɗauka kunkuru duk iri ɗaya ne. Waɗanda ke shigowa gidajenmu a nan Gana sun kasu, kuma abin da ke raya wani shi ke kashe wani.

Akwai babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi, mai kaurin ɓawo a ƙafafun gaba da wasu ƙayoyi a cinya. Asalinsa busasshiyar ƙasar da ta miƙe daga Senegal, ta ratsa Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Habasha. Dattawanmu da suka taso a can sun san shi sarai. Shi ne na uku a girma a duk kunkuran tudu na duniya. Ana ƙyanƙyashe shi bai wuce sentimita 5 ba, yaro ma ya rufe shi a tafin hannu, amma namiji idan ya ƙasaita yakan zarce buhun siminti nauyi, wato kilo 50, wasu har su haura 80. Yana kuma iya wuce shekara 50 a raye. Wanda ya saye shi yau yana saurayi, watakila jikokinsa ne za su ci gaba da yi masa ciyawa.

Sai ƙananan nan namu na ƙasar Gana, waɗanda tsawonsu bai cika wuce sentimita 20 zuwa 30 ba. Alamarsu tana bayan ƙoƙon: akwai wata gaɓa da ke lanƙwasawa, in ka taɓa shi sai ya ja bayan ya rufe ƙafafu da wutsiya kamar murfin akwati. Na kurmin kudu yana da duhun launi da kaifin gefe, yana son inuwa da danshi, ba ya ƙaunar rana tsaka. Ɗan uwansa na dajin arewa ya fi shi kewayayyen baya, ya kuma fi shi jure rani.

Kififiya kuwa daban take, ko da yake yara suna haɗa su. Bayanta a shimfiɗe yake, akwai fata tsakanin yatsunta, kuma yawancin waɗanda ake kamowa a nan gefe suke naɗe wuya in za su ɓuya. Ita ruwa ne gidanta. Kunkurun tudu kuwa, in aka jefa shi rijiya ko duro nutsewa zai yi.

Mu zo kan abinci, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Uwa ta kwashe ragowar tuwo, waakye, dokunu ko burodin da aka tsoma a koko, ta zuba masa, ya cinye tas, sai a ce ai yana so. Yana ci ne don abin da ya samu ke nan. Babban kunkurun Sahel makiyayi ne kamar saniya, hanjinsa na ciyawa ne. Ya kamata mafi yawan abincinsa, kamar kashi 8 cikin 10, ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, irin su kiri-kiri da harkiya. Wannan bai kamata ya yi mana wuya ba, tunda a kowane zango akwai masu kiwon ragunan layya, kuma ciyawar da ake yanko wa rago ita ce tasa. Sai dai kada a haɗa masa da dusa ko abincin kaji, harawar wake ma a taƙaita, don ta yi masa maiƙo. Ragowar kashi 2 a cika da ganye: ayoyo, zogale, ganyen kuɓewa, ganyen kabewa, ganyen dankali. Kontomire ɗanye yana da ƙaiƙayi, kuma shi da alefu suna ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki shan abin gina ƙashi, don haka a bar kontomire gaba ɗaya, alefu kuma jefi-jefi. Kayan zaƙi irin su mangwaro, ayaba da gwanda suna lalata masa ciki in suka yawaita. Nama, kifi da abincin kare su ne mafi muni, don suna sa shi girma da gaggawa, su gajiyar da ƙoda, su tara masa tsakuwa a mafitsara. Albasa da fiya kada su kusance shi.

In ka ga kunkuru bayansa ya yi tudu-tudu kamar an jera ƙananan dala, ba ado ba ne. Alama ce ta cewa tun yana ƙarami abincin ya fi ƙarfinsa, ko an raine shi a wurin da ya bushe ƙayau babu ramin da zai shiga ya sami danshi. In ƙoƙon ya riga ya tashi haka ba ya komawa, sai dai a hana shi ƙaruwa.

Ƙaramin mai murfi a baya, musamman na kurmi, in ka ba shi busasshiyar ciyawa yunwa ce za ta kashe shi. A daji dodon koɗi yake ci, da tana, da ƙadandoniya, da gara, da naman kaza, da 'ya'yan itacen da suka faɗo suka nuna. Shi gwanda da mangwaro daidai ne a gare shi, tare da ganye, a kuma samo masa tana ko dodon koɗi sau biyu ko uku a mako. Kun ga ke nan maƙwabta biyu na iya ba kunkurunsu abu ɗaya, na wannan ya yi ƙiba, na wancan ya mutu.

Dukkansu suna buƙatar abin gina ƙashi. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa kaɗan a kan ganye sau ɗaya ko biyu a mako. Amma jiki ba ya amfana da shi sai da hasken rana, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin. Kunkurun da aka kulle a ɗaki ko a shago wata da watanni, ƙoƙonsa laushi yake yi, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Ruwa ma haka. Zancen cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ne. A ajiye masa faranti mai faɗi marar zurfi, wanda zai iya shiga ya fita da kansa, ruwan kada ya wuce haɓarsa. Ƙanana a riƙa jiƙa su a ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a mako. Farin abin nan da ke fita tare da fitsarinsa, in yana da laushi lafiya lau, in ya zama gari-gari kamar yashi to ruwa ya yi masa ƙaranci.

Wurin zama kuwa, mu faɗi gaskiya: yawancin gidajen hayarmu, da tsakar gida ta siminti da ɗakuna goma a kewaye, ba su dace da babban kunkurun Sahel ba. Shawararmu ga matashin da ke zaune a ɗaki ɗaya ita ce kada ya saya, komai arha. Dabba ce mai yawo da haƙa. A ƙasarsu rami yake tonawa mai tsawon mita da yawa, ya shige ya tsere wa zafi. Siminti yana goge masa ƙasan ciki da farata, da rana kuma ya ɗauki zafi kamar tanda. Wanda yake da fili, ya ware masa aƙalla faɗin ɗaki biyu a kan ƙasa, ya kewaye da bulo jeri uku, ya binne jeri ɗaya ko biyu a ƙasa don kada ya tona ya fice. Bulo ya fi waya, don in yana hango waje zai wuni yana tura shingen har ya ji ciwo ko ya kayar da shi. A bar gefe ɗaya rana, gefe ɗaya inuwa, a yi masa 'yar bukka a kan tudu. Tudun nan wajibi ne, duk wanda ya ga ruwan watan Yuni a Ankara ya san yadda tsakar gida ke zama tafki cikin awa ɗaya. Sanyi da danshin damina, musamman a Kumasi, suna sa masa ciwon huhu. In ka ga kumfa a hancinsa, ko yana buɗe baki yana numfashi, ko ido ya kumbura, a nemi likitan dabbobi.

Na kurmi ɗan wuri ya ishe shi, amma a ƙarƙashin bishiya, a zuba busasshen ganye mai yawa da zai nutse a ciki. Da hunturu a riƙa yayyafa wa wurin ruwa safe da yamma.

Akwai wata al'ada da muke roƙon iyayenmu a daina: huda gefen ƙoƙo a zura igiya ko waya a ɗaure. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe yake da haƙarƙari da ƙashin baya, akwai jini da jijiya a cikinsa. Huda shi ciwo ne, kuma ƙofa ce ga ruɓa. Fenti ma kada a shafa masa. Mun taso muna jin hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, kuma kowa ya san makomarta. Kunkurun da aka jefa a roba ko bokiti aka manta a rana, cikin awa kaɗan zafi ke gamawa da shi. Haka in ya kife a bayansa ya kasa juyawa. Maza biyu a wuri ɗaya sukan yi karo har ɗaya ya kifar da ɗaya, don haka a raba su. Ana gane namiji da doguwar wutsiya da ɗan lotsawa a ƙasan ciki.

Yara su rage ɗaga shi sama, don in ya tsorata yakan saki ruwan da ya tara a mafitsara, wanda shi ne guzurinsa. A kuma share ledoji, musamman masu launi, don yana haɗiye su. Ɓera yana gwaguyar ƙafar kunkuru da dare, kwarkwasa da hankaka kuma suna gamawa da ƙanana, sai a rufe wurinsu da raga. Ciyawar bakin kwata da wadda aka yi wa feshin maganin kashe ciyawa, kada a yanko masa.

Ga masu kiwon awaki da tumaki, ga wani gargaɗi na musamman. Maganin tsutsa da kaska da ake kira Ivermectin, wanda muke yi wa dabbobinmu allurarsa, guba ne ga kunkuru, kaɗan ma yana shanye masa jiki ya kashe shi. In an ga kaska a hammatarsa ko gindin wutsiya, a cire da hannu ko hantsaki.

Mu ma akwai abin da za mu kiyaye. Kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsa ba tare da ya nuna alama ba, ita kuwa tana sa gudawa da zazzaɓi, ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu juna biyu. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada a wanke farantinsa inda ake wanke kwanuka, kada kuma ya riƙa yawo inda ake girkin sayarwa ko inda jarirai ke rarrafe.

Ta fuskar doka, waɗannan namun daji ne, kuma suna raguwa. Babban na Sahel da na kurmi duk suna cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kuma yarjejeniyar CITES, wadda Gana ta sa wa hannu, ta hana cinikin na Sahel da aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje tun shekarar 2000. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta rufe ƙofar shigar da shi saboda kaskar da ke sa wa shanu cuta. Don haka 'yan uwa masu tafiya, kada wani ya ba ku ɗan kunkuru ku saka a jaka ku kai wa wani a Bronx ko Hambog. A cikin gida kuma, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba lokacin hana farauta da kamun namun daji ne, a guji sayen na bakin hanya. Izinin ajiye irin waɗannan dabbobi yana hannun sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji. Wanda kunkurunsa ya fi ƙarfin gidansa, kada ya kai shi bola ko ya sake shi a jejin kudu inda ba zai rayu ba. Ya tuntuɓi wannan sashen, su ne ke kula da gidan namun daji na Kumasi da na Ankara da ke dajin Achimota.